Sunan Ɗana Ne Farko a Littafin Lissafi

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son ba da wannan labari, nauyin baki yana hana ni. Marubutan da muka yi aikin littafin taimakon masu sikila tare sun san rabinsa, matan unguwarmu a Idi-Araba sun san ɗaya rabin. Yau zan haɗa shi wuri guda, da izinin maigidana da na Hajiyarmu ta Agege, wadda ta ce in faɗa duka, har wurin da bai yi mini kyau ba.

Ni 'yar Funtuwa ce. Aure ya kawo ni Ikko a 2011, auren zumunci, mijina ɗan gwaggona ne, har gobe Yaya nake ce masa. A lokacin ba wanda ya yi mana zancen gwajin jini. An duba asali da hali, an ga tuwona maina, aka shafa fatiha. Ɗana na fari bai cika shekara biyu ba ya koma, bayan zazzaɓin kwana uku da wani kuka da har yau nakan ji shi a kunnena. Aka ce shawara ce. Na haifi mace, lafiyarta ƙalau. Sai na uku, namiji, wanda labarin nan nasa ne. Yana wata bakwai hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura suntum, ko taɓa shi aka yi sai ya ƙwalla ƙara. Daga gida aka aiko mini da jiƙe-jiƙe, na kuma ji ana raɗe-raɗin ko wabi ne ya kama ni. Maƙwabciyata Bayarabiya ta ce su abiku suke kiran irin wannan, amma a ganinta in bar zancen sunaye in kai shi a auna jininsa.

Likitar da ta gan mu biro ta ɗauka ta zana mana. Ni AS, Yaya AS, wato muna ɗauke da irin ciwon a jininmu amma bai kama mu ba, yaro SS, wato ya gaje shi daga gare mu duka biyu. Ta zana lafiyayyar ƙwayar jini a zagaye kamar kwabo, ta zana ta ɗana a lanƙwashe kamar lauje, ta ce ma'anar sunan sikila ke nan. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum jininsu yake ƙasa. In kuma laujunan suka cushe a ƙananan jijiyoyi, jini ya kasa wucewa, sai ciwon nan ya tashi wanda yake sa ƙato kuka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ta ce kada mu ɗauka cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai ɗauka sauran su tsira. Kowane ciki da tasa ƙuri'ar, kashi ɗaya cikin huɗu. A danfo, motar hayar Ikko, muna komowa Yaya bai ce uffan ba. Sai da muka sauka ya ce, "Ashe abin da ya ɗauke wansa ke nan."

Muka yanke shawarar mu rufe. Gwaggo ce ta haɗa auren, in ta ji za ta ɗora wa kanta. Ga 'ya mace, daga baya kuma na ƙara wata, ina tsoron ranar da za a zo neman aurensu wani ya ce ai gidan masu ciwo ne. Don ku gane iyakar ɓoyon da na yi: Cibiyar Sikila ta Ƙasa tana nan Idi-Araba, daura da asibitin koyarwa na LUTH, tafiyar ƙafa ce daga ɗakina. Shekara bakwai ina wucewa ta ƙofarta ina kawar da kai. Mota biyu nake shiga in kai yaro wani asibiti mai nisa, don kada wata 'yar unguwa ta gan ni ina shiga can.

Rubutu kuwa tun ina 'yammata nake karanta littattafan haya, in ɓoye a cikin hijabi. A 2017 na fara rubuta nawa a waya da sunan aro, ina saki shafi-shafi a WhatsApp. Waɗanda suke harkar sun san yadda take a lokacin: ka ba da shafukan farko kyauta, in labari ya kama mutane sai ka ce mai son ci gaba ya biya 300 ya shiga zauren kuɗi. Ba mu da kamfanin ɗab'i, ba mu da edita, kai ne marubuci, kai ne mai talla, kai ne mai bin bashi. Da waɗannan ɗari uku-ukun nake sayen folik asid da maganin rigakafin maleriya. Gajeren labari kuma gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 domin mata, ita ta koya wa da yawanmu shi. Mu da muka saba jan labari shafi ɗari biyu, sai ga shi dole ka buɗe ka rufe a cikin 'yan kalmomi. Na shiga sau ɗaya ban kai ko'ina ba, amma hannuna ya faɗa.

Bayan Babbar Sallar 2022 ne Hajiya, tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya a Agege, ta kawo magana a zauren marubutanmu. Ta ce kullum ana yi mana gorin ba abin da muka iya sai soyayya, to mu haɗa littafi guda na gajerun labarai, kowa ya ba da ɗaya kyauta, ba wanda zai ci ko kwabo, abin da aka samu ya tafi fisabilillahi. Aka shiga shawarar inda za a kai. Wasu suka ce marayu, wasu 'yan gudun hijira. Ni na ce sikila. Na kawo musu ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa kimanin jarirai 150,000 ake haifa da ita duk shekara a Nijeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da irinta a jininsa. Na faɗi farashin magani, na faɗi yadda sanyin damina da maleriya da ƙarancin ruwa a jiki suke tayar da ita. Wata ta ce, "Kai, Anti, kamar nas." Na ce ɗan maƙwabciyata ne yake fama. Wannan ita ce ƙaryar da na yi, kuma a kanta aka gina komai.

Aka amince. Da yake ina riƙe adashin matan gidanmu kuma ina kusa da Shomolu inda maɗaba'u suke, aka ce ni ce ma'aji. Na buɗe asusu daban, na sayi littafi mai bango mai ƙarfi, kuma ni da hannuna na rubuta doka ta farko: kwabo ba zai fita ba sai da yardar mutum uku, ni da Hajiya da Malam, malamin Hausa da ya ɗauki nauyin gyaran rubutu.

Labari 21 muka tara. Ina son in ɗan tsaya a kan mutanen nan, don yawancinsu har yau ban san fuskarsu ba. Akwai mai gadi a Lekki, wanda ya rubuta nasa da babban yatsa a kan benci tsakanin sha biyun dare da asuba, labarin wani tsoho da ke aika kuɗi gida shekara da shekaru ana gina masa gidan da bai taɓa gani ba. Akwai mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12. Akwai nas a Kaduna, da wata amarya a Maraɗi da take turo nata da rubutun Nijar sai Malam ya mai da shi namu, da wani matashi daga zangon Kumasi. Mun yi gardama sosai. Wasu suka ce kowane labari ya zama a kan sikila, Malam ya ce in aka yi haka littafin asibiti za a yi, ba wanda zai kai ƙarshensa. Aka tsaya a kan biyar su taɓa ciwon, sauran kowa ya rubuta abin da ke ransa. Basakkwacen cikinmu ya ce shi ba a mai da masa Sakkwatancinsa Kananci, aka yarda maganar taurari ta zauna yadda suke furta ta, bayanin marubuci ya bi daidaitacciyar Hausa. A ganina wannan hukunci shi ya ba littafin ɗanɗanonsa. Kana buɗe shafi ka san daga wane gari mai maganar ya fito.

Nawa labarin yana cikin biyar ɗin. Uwa ce da take ƙirga numfashin ɗanta da dare. Malam ya turo mini saƙo ya ce, "Malama, wannan ba gyara a ciki, kamar kin kwana a ɗakin." Na ce masa hasashe ne.

Ana cikin haka gidanmu ya shiga wani hali. Yaya ɗan acaɓa ne. Ranar 1 ga Yuni 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida na Legas, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, sai ranar 1 ga Satumba aka ƙara huɗu, har da Mushin inda muke. Ya sayar da babur ɗin, ya koma Mile 12 yana sauke wa wani ɗan garinmu kwandunan kaya. Abin da yake shigowa da shi ya ragu da fiye da rabi.

Kuɗin bugu karo-karo muka yi. Malam ya je Laburaren Ƙasa ya karɓo lambar rajistar littafi, wato ISBN, ya ce doka ta ce in an buga a kai musu kwafi uku, kuma mu yi komai a kan ƙa'ida don kada a raina mu. Ni na yi ta zirga-zirgar Shomolu. Wanda bai taɓa zuwa ba, unguwa ce da kowane lungu ƙarar inji kake ji da warin tawada, masu baro suna tura takarda rim-rim. Takardar daga waje ake shigo da ita, dala na motsawa farashi na motsawa. Kuɗin da aka yanka mini ranar Litinin ba shi na tarar ranar Juma'a ba. Muka rage nauyin takarda, muka rage adadi zuwa kwafi 500.

Babbar jarrabawar ita ce haruffa masu lanƙwasa. Da aka ba ni samfur in duba kafin a ɗora a inji, sai na ga duk inda ɓ da ɗ da ƙ suke wani ɗan akwati ne ya fito, don salon harafin da ke kwamfutarsu bai san su ba. Yaron da ke tsara shafukan, da kyakkyawar niyya, ya ce bari ya mai da su b da d da k a wuce wurin. Na zauna na nuna masa cewa baƙi daban baki daban, ƙafa daban kafa daban, kuma in ka cire wa "ya ɓata" lanƙwasa ka sauya zancen. Ya yi mamaki, ya ce ashe kamar ɗigon da suke sa wa a ƙarƙashin haruffan Yarabanci ne. Daga nan ya ɗauki abin kamar nasa. Kwana uku muna bin shafi 168 layi-layi, ni da shi, ina goye da autata.

Ranar da na ɗauko katan na farko na buɗe shi a cikin mota na shinshina. Ban taɓa ganin rubutuna a takarda ba sai ranar.

Mun yi ƙaddamarwa a harabar wata Islamiyya a Agege cikin Disamba. Wasu masu hali sun yi alkawura a lasifika, kaɗan daga ciki suka cika, ba zan tsaya a kan wannan ba. Waɗanda suka ɗauki littafin da gaske ƙananan mutane ne. A 2,000 muke sayarwa. Mai tumatir ya ajiye katan a rumfarsa a Mile 12, wani ya kai kasuwar Alaba Rago, Hajiya tana bin gidajen biki da walimar sauka da jakarta. Wani mai shayi a Obalende ya sayi biyu, ya ce shi bai iya boko ba amma 'yarsa za ta karanta masa, ɗayan kuma a ba wanda ba shi da kuɗi. Na arewa kuwa direbobin da suka kawo tumatir da albasa ne suka tafi mana da su Kano da Zariya in za su koma, ba wanda ya karɓi kuɗin mota. Sai kuma abin da kowane marubucin waya ya sani: sati biyu da fitowa wani ya ɗauki hoton shafukan ya watsa a zauruka. Na yi kuka ranar. Hajiya ta ce a rubuta lambar asusu a bi duk inda aka ga ya shiga a ajiye, a ce wanda ya karanta ya biya gwargwadon hali. Wasu sun biya, 200, 500. Da yawa ba su biya ba, kuma har yau ina ganin hakki ne a kansu.

Zuwa ƙarshen Janairu akwai 612,000 a asusun. Muka ce ba za a taɓa ba sai 19 ga Yuni, Ranar Sikila ta Duniya, a lokacin an gama tantance yaran da za a taimaka wa.

Kowa ya tuna yadda Fabrairun 2023 ta kasance. An sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace, layi a bakin kowane banki, masu POS suna sayar da naira da naira, tiransfa tana maƙalewa. A Mile 12 ciniki ya tsaya cik, tumatir yana ruɓewa, Yaya ya yi kwanaki ba a sallame shi ba. A wannan tsakanin ne zazzaɓi ya kama yaron. Na ba shi abin da na saba, na yi ta ɗura masa ruwa. A dare na biyu ya farka yana dafe da ƙirji, numfashi sama-sama, leɓɓansa sun yi fari. Ya ce, "Umma, wannan ba irin wancan ba ne." Yaron da ya san ciwo tun bai san sunansa ba, in ya faɗi haka ba ka tsayawa tambaya.

Mijin maƙwabciyata direban danfo ne, shi ya fito da mota ƙarfe ɗaya na dare. A sashen gaggawa aka sa masa iskar oksijin, aka auna jini aka ce ya yi ƙasa ƙwarai, ciwon ya taɓa huhu, sai an yi ƙarin jini da hoton ƙirji da allurai. Aka rubuto lissafi, 85,000 don a fara. A asusun Yaya akwai 4,000, a nawa 9,000. Ya fita waje yana kiran 'yan'uwa, wayoyi a kashe, wanda ya ɗauka kuma ya ce ya tura amma ba ta shigo ba.

Na zauna a kan benci na buɗe manhajar banki. Ga 612,000 tana kallona. Na rubuta lambar asusun asibitin, na rubuta 85,000. Zuciyata tana cewa ai don masu sikila aka tara, ga mai sikila yana mutuwa, wa zai ce kin yi laifi? Ki tura, ki mayar kafin Yuni, ba wanda zai sani. Wallahi saura lambar sirri kawai. Abin da ya riƙe mini hannu, na tuna mai gadin Lekki da yatsansa, da mai shayin da ya sayi littafin da ba zai iya karantawa ba. Ban taɓa ba su komai ba sai kalmata, a kanta suka miƙo kuɗinsu. Na tuna hadisin alamomin munafuki, wanda in ya yi zance ya yi ƙarya, in aka amince masa ya ci amana. Ta farko na riga na yi ta tun watan Yuli. Yaya ya dawo ya leƙa wayar, ya dube ni, ya ce a hankali, "Ba namu ba ne. Ki kira ta."

Kiran Hajiya ya fi mini tura kuɗin wuya nesa ba kusa ba, don sai na furta abin da ban taɓa faɗa wa ko mahaifiyata ba. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna ta ɗauka, muryarta da barci. Na ce, "Hajiya, ɗan maƙwabciyar nan da nake faɗa muku, ɗana ne. Muna asibiti." Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sai ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar nan, wata bakwai muna tare kina ɗauke da wannan ke kaɗai?" Na kasa magana. Ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada ki kashe, bari in haɗa da Malam." Malam ya ɗauka a kira na uku. Ta gaya masa a taƙaice. Ya ce, "Na yarda. Malama, ki tura, amma ki rubuta a littafi da kwanan wata da sa'a, da safe kuma a sanar da kowa." Sau biyu tiransfar tana dawowa, a na uku ta shiga.

Jini aka ce mu kawo wanda zai bayar a madadi, kuma an fi son mai AA, wato wanda ba ya ɗauke da irin sikila. Ban san Hajiya ta kira Mile 12 ba. Ana idar da sallar asuba sai ga mai tumatir da samari uku, tufafinsu duk jirwayen kaya. Ranar na fara ganinsa ido da ido. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Anti, ina ake bayarwa?"

Da rana ta fito na rubuta wa zauren komai, ban rage ba. Addu'o'i suka yi ta shigowa. Amma wani ɗan'uwa daga cikin marubutan ya ce shi bai gamsu ba. Ya ce an yi musu rufa-rufa, na kawo shawarar sikila ina da buƙata a ciki ban bayyana ba, na kuma karɓi ma'aji a kan haka. Da ya sani da zai ba da labarinsa duk da haka, amma da ba zai yarda kuɗi ya zauna a hannuna ba. Wasu suka taso masa. Ni na ce su ƙyale shi, gaskiya ya faɗa. Maganar ta yi mini ciwo, ina karanta ta a gefen gadon ɗana, amma ba inda ya yi mini ƙazafi. Na ce na ajiye ma'aji, kuma a rubuta kuɗin bashi ne a kaina. Aka jefa ƙuri'a. Mafi yawa suka ce ba bashi ba ne, yaron shi ne na farko a jerin waɗanda aka taimaka wa, in kuma ci gaba da riƙe littafi, sai dai a mai da asusun na mutum biyu, kuma duk ƙarshen wata a ɗauki hoton lissafi a saka kowa ya gani. Wannan gyara daga maganarsa ya fito. Shi dai ya fita daga zauren bai dawo ba. Na tura masa saƙon neman gafara, ya amsa da "Allah Ya ba yaro lafiya," iyakarta ke nan. Labarinsa yana nan a shafi na 77, kuma a wurina yana cikin uku mafi kyau a littafin.

Kwana tara muka yi aka sallame mu.

Abin da ban zata ba shi ne abin da ya biyo baya a unguwa. Samarin Mile 12 sun yi magana, labari ya zaga Idi-Araba. Ina jiran gori, sai ga sallama bayan isha'i. Wata mata da muke haɗuwa a famfo shekara biyar ta shigo ta zauna a bakin katifa, ta yi ta kewaye-kewaye, can ta ce, "Maman yara, nawa ma haka yake, biyu." Kafin azumi ya shigo mata shida sun zo, kowacce da dare, kowacce tana zaton ita kaɗai ce. Ɗaya har asibitin da nake zuwa take zuwa, ranakunmu ne ba su taɓa haɗuwa ba.

Ranar 19 ga Yuni muka raba abin da ya rage da abin da ya ƙaru. Yara 14 aka saya wa magani na 'yan watanni, ciki har da haidiroksiyuriya ga waɗanda likita ya rubuta wa, wanda yake rage yawan tashin ciwon amma tsadarsa ke sa iyaye su daina. Aka biya wa samari da 'yammata na Islamiyyu biyu kuɗin gwajin jini. Kuɗin ba su da yawa, ban kuma son kowa ya ɗauka mun yi wani abin a zo a gani. Kafin shekara ta zagayo maganin ya ƙare, farashi ya ninka bayan cire tallafin mai. A satin rabon nan na 19 ga Yuni ne na kama hannun ɗana muka taka da ƙafa zuwa cibiyar nan ta daura da LUTH, muka shiga ta babbar ƙofa da rana tsaka. A nan aka yi masa gwajin jijiyoyin kai da ake yi wa yara masu sikila don gano haɗarin shanyewar ɓarin jiki, gwajin da ya kamata a fara yi masa tun yana shekara biyu.

Gwaggo sai da na je gida na gaya mata baki da baki. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Da na sani ai da ban haɗa ba." Na ce, "Gwaggo, da ba ki haɗa ba da ba ni da su." Ba mu sake tayar da zancen ba. Amma da aka tashi haɗa jikarta da wani jikanta a bara, ita ta ce ba a sa rana sai an kawo mata takardar asibiti. Na ji a 2024 jihar Kano ta mai da gwajin kafin aure doka. A gidanmu Gwaggo ce dokar. Babbar 'yata AS ce, na gaya mata, ta kuma san abin da za ta fara tambaya in lokaci ya yi.

Kwafi 500 ɗin sun ƙare. Mun sake buga 300, yanzu kuma Malam yana tattara labaran littafi na biyu, an samu 12, ana jiran na mai gadi, wanda aka sauya wa wurin aiki zuwa Ajah. Yaron ya shiga shekara goma. Ya karanta labarina a watan jiya, ya zo ya same ni ina tankaɗe ya ce, "Umma, da gaske kina ƙirga numfashina?" Na ce da gaske. Ya ce, "To nawa ne?" Na ce ya danganta da daren.

Littafin lissafin yana cikin akwatina. Layin farko sunansa ne, 85,000, ƙarfe 2:40 na dare, da sa hannun Hajiya da na Malam da suka zo asibiti suka yi washegari. Shekaranjiya na rubuta layi na 31, wata yarinya daga Alaba Rago. Ranar Alhamis ni zan raka uwarta asibiti, don ba ta jin Turanci ba ta jin Yarabanci.